Yadda Ake Zaɓen Zanen Bangon da Zai Dace da Ɗakinka

Yawancin zanen bangon da ke ɓata wa masu shi rai, daga waya matsalar ke farawa. Mutum ya ga hoto a Instagram ko Facebook, falo ne mai faɗi, rufinsa can sama, tagogin gilashi har ƙasa, sai ya miƙa wa mai fenti ya ce, "Malam, irin wannan nake so." A yi aikin a ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi a unguwar Fadaman Mada ta Bauchi ko Jekadafari ta Gombe, a shigo da gado da sif da madubi, sai zanen ya danne ɗakin, rabinsa kuma ya ɓuya a bayan kaya. Kuɗi sun tafi, ido bai huta ba. Saboda haka matakan da ke ƙasa daga ɗakin suke farawa: bangonsa, haskensa, kayan da ke ciki da yadda ake zama a cikinsa. Zaɓen hoto sai can gaba.

Mataki na farko: bango ɗaya, kuma ka auna shi

Bango ɗaya ya isa. Idan aka zane huɗun duka, ɗaki yana ƙuntata, kuma babu inda ido zai sauka ya huta. Sauran ukun a yi musu launi guda mai sanyi.

Tsaya a bakin ƙofa ka ga bangon da idonka ya fara faɗawa a kai. Galibi shi ne ya fi cancanta, in dai taga ko ƙofa ba su yanka shi gida biyu ba. A ɗakin kwana bangon da kan gado ya jingina da shi ya fi, domin wanda ya kwanta ba ya kallonsa, ba zai hana shi barci ba. A falo bangon bayan doguwar kujera ya fi bangon talabijin, saboda talabijin da wayoyinta da soket sun riga sun cika wancan.

Akwai abin da hotunan ƙasashen waje ba za su tuna maka ba, wato alƙibla. Daga Bauchi da Gombe alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa. In ana sallah a ɗakin, kamar yadda ake yi a kusan kowane ɗakin uwargida, kada bangon da ake fuskanta ya zama mai tarkacen zane. A cikin Sahihul Bukhari akwai hadisin labulen Nana A'isha mai hotuna, wanda Annabi (SAW) ya ce a kawar da shi domin hotunansa suna bijiro masa a cikin sallah. Bar wannan bangon wayam, ka kai adon wani gefe.

Sai awo. Ɗauki tef ka auna faɗi a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, tsayi ma a wuri uku. Ginin bulo da aka yi wa filasta da hannu da wuya ya fito daidai. Idan tsayin wannan kusurwa ya bambanta da na waccan da fiye da santimita 2, ka guji zanen da ke da miƙaƙƙen layi kusa da silin, domin layin zai tona karkatar ginin. Zana bangon a takarda, ka sa inda soket, makunnin wuta, na'urar sanyaya ɗaki da kan gado ko kujera suke. Abin da ya rage a fili, shi ne ainihin wurin zanenka.

Mataki na biyu: lafiyar bangon

Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, kuma shi ne ke kashe aiki. Zane ko na miliyan ne, ba ya zama a kan bango mai damshi.

Dubi ƙasan bangon, daga daɓe zuwa kamar mita ɗaya. In ka ga fenti ya kumbura, yana ɓarewa, ko wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, ruwa ne ke hawowa daga ƙasa, galibi saboda ba a shimfiɗa ledar hana damshi ba lokacin gini, ko kuwa ruwan sama yana kwanciya a gindin bangon ta waje. In tabon daga sama yake gangarowa, kwano ne ke yoyo ko indararo ya toshe. In kuma a tsakiya yake, duba bayan bangon, da wuya ka rasa banɗaki ko bututun ruwa a wurin.

Gwajin da kowa zai iya yi: yanko leda mai kauri, santimita 50 kowane gefe, ka manna ta a bangon da tef, ka toshe gefunan huɗu sosai. Bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, akwai ruwa a cikin bangon. A gyara tushen matsalar tukuna, a bar shi ya bushe. Ka lura, bangon da ya bushe ƙarau a watan Fabrairu yana iya jiƙewa a watan Agusta, don haka tambayi wanda ya yi damina a gidan, ko ka nemi tsohon tabo a bayan kujeru.

Sabuwar filasta tana bukatar aƙalla mako huɗu kafin a sa mata fenti. Siminti sabo yana da kaifin da ke cinye launi, sai ka ga shuɗi ko ja ya yi dabbare-dabbare bayan 'yan watanni.

Shafa tafin hannunka a bangon. In ya fito da fari, ko dai farar ƙasa aka shafa a da, ko fentin mai arha ne da aka cika wa ruwa. Dole a kankare shi, don komai aka ɗora a kai tare za su zubo. Bangon da aka yi wa fenti mai gurje-gurje irin na waje shi ma sai an kankare an yi masa sikiridin ya yi sumul. Bayan sikiridin a goge da samfefa, a share ƙurar da ɗanyen tsumma, sannan a yi shafin farko. Da dare ka haska tocila a kwance a jikin bangon, duk wani rami ko tudu zai fito fili. Tsagar da ba ta wuce silin gashi ba ana cike ta da foti, amma wadda tsinken ashana ke shiga, ko take ƙara buɗewa, aikin magini ce.

Mataki na uku: hasken ɗakin

Shiga ɗakin sau uku a rana guda: da hantsi, da la'asar, da kuma dare bayan an kunna ƙwai. Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma yana shan rana mai zafi da la'asar, a watannin Maris da Afrilu kuwa abin ba a magana. Ja da ruwan goro da rawaya mai ƙarfi a irin wannan ɗaki suna ƙara wa ido jin zafi, kuma su ne ke saurin koɗewa inda rana ke dukansu kai tsaye. A nan shuɗi mai haske, kore mai sanyi ko ruwan toka sun fi. Ɗakin da ke cikin lungu, mai ƙaramar taga da katangar maƙwabci ta tare, yana son ruwan madara, ruwan zuma ko ruwan ƙasa mai haske. Baƙi da shuɗi mai duhu za su mayar da shi kogo.

Ƙwan lantarki ma yana sauya launi. Farin ƙwai, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, yana fito da shuɗi da toka amma yana kashe ruwan madara da ruwan gwal. Mai ɗan ja-ja, 3000K ko 2700K, yana raya ruwan ƙasa da gwal, yana kuma sa shuɗi ya yi datti-datti. Sa ƙwan da za ka zauna da shi kafin ka yanke shawarar launi. Sannan bangon da ke fuskantar taga kai tsaye kada a yi masa fenti mai sheƙi, ƙyallin zai hana a ga zanen.

Mataki na huɗu: salon zanen

Zanen gargajiya. A ganinmu wannan ne salon da aka fi yi wa rowar wuri a cikin gidajenmu, alhali shi ya fi dacewa da su. Dagi, da layukan da ke sarƙe juna, da siffar allo, takobi, zankwaye da bakan gizo, duk abubuwa ne da maginan ƙasar Hausa suka daɗe suna fitarwa a fuskar zaure da cikin soraye, da farko da laka da makuba, daga baya a kan siminti tun yana ɗanye sannan a bi da fenti. Wanda ke son ganin aikin manya ya je Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa ta jihar Bauchi, inda ginin Babban Gwani yake, wanda ake danganta shi ga Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Darasin da za a ɗauko daga irin waɗannan gine-gine shi ne ado yana bin ƙirar ginin, ba a watsa shi ko'ina.

Kuskuren da ake yi shi ne a kwaso launukan ƙofar fada, kore da ja da rawaya da shuɗi duka masu ƙarfi, a zuba su a cikin ɗaki. Waɗancan an yi su ne don a hango su daga nesa a tsakar rana. A cikin ɗaki launi biyu sun wadatar, uku in an matsa: misali bango ruwan madara, zanen ruwan makuba, a ɗan taɓa gefensa da ruwan gwal. Hanya uku ake shimfiɗa shi. Ko babban dagi guda a tsakiya, faɗinsa kamar kashi biyu cikin uku na faɗin kujerar da ke ƙasansa, ƙasansa kuma ya ɗara saman kujerar da santimita 20 zuwa 25. Ko ɗamara mai faɗin santimita 25 zuwa 30 da ke zagaye sama ko tsakiyar bango. Ko kuma a zana bakan gizo a kewaye ƙofa, madubi ko kan gado. Na ukun nan yana yi wa ɗakin kwana kyau ƙwarai, kuma fenti kaɗan yake ci.

Layuka da siffofi. Murabba'i, alwatika, rabin da'ira, ko bango a raba shi launi biyu. Shi ne mafi sauƙi, mai gida da kansa zai iya yi da tef ɗin takarda. Layukan tsaye suna sa rufi ya yi kamar ya ƙara tsayi, sun dace da ɗakin da silin ɗin POP ya rage wa tsayi. Na kwance suna faɗaɗa ɗaki. A ƙaramin ɗaki manyan siffofi uku ko huɗu sun fi ƙanana hamsin.

Tsirrai da shimfiɗar ƙasa. Ganyaye, furanni, duwatsu, faɗuwar rana. Gidaje da yawa suna guje wa hoton mutum da dabba saboda addini, kuma ko kai ba ka damu ba, ka tuna da baƙin da za su so yin sallah a falonka. Tsirrai da duwatsu ba su da wannan damuwar. Maimakon dusar ƙanƙara da gadojin Turai, ga kuka da giginya da ɗorawa, ga jerin duwatsun da suka kewaye garin Bauchi, ga Dutsen Bima, tuddan Tula da ruwan Dadin Kowa. In za a zana da hannu, a yi su a inuwa-inuwa, launi uku ko huɗu daga mai duhu a ƙasa zuwa mai haske a sama. Wannan ko mai fenti matsakaici zai fitar da shi. Hoton da ake so ya fito tamkar na kyamara kuwa sai ƙwararren mai zane, kuma yana bukatar nisan kallo na aƙalla mita uku zuwa huɗu, abin da ƙaramin ɗaki ba shi da shi.

Rubutun Larabci. Yana da kwarjini, yana kuma da nauyi. Malamai sun yi saɓani kan rubuta ayoyi a jikin bango, don haka tambayi malaminka. In za a yi, kada ya zama a bangon banɗaki, ko ƙasa inda ake jingina ko miƙe ƙafa. A sa wanda ya iya karatu ya duba kowane harafi da ɗigo tun yana alli, domin mai fenti da yawa kwaikwayon siffa yake yi. Shawara mafi kyau ita ce a yi rubutun a kan katako ko kyalle mai firam a rataye. Ranar tashi daga gidan sai a sauke abin cikin mutunci, ba a bar wa wani ya kankare ko ya shafe ba.

Takardar bango da hoton bugawa. Wolfefa tana da saurin aiki, yini ɗaya an gama, kuma tana fitar da ƙananan zane da hannu ba zai iya ba. Amma ba ta yafe damshi ko kaɗan: baki-baki zai fito a bayanta, bakinta ya ɗaɗɗago, kuma gara na son takarda da gam. In akwai alamar gara a gidan, a yi maganinta tukuna. Hoton da ake bugawa a shagon masu buga fosta shi ma yana yiwuwa, sai dai a nemi marar sheƙi. Fileks irin na tallan titi yana ƙyalli, yana wari, kuma yana kulle damshi a bayansa. Sitika kuma takan saki baki a bangon da rana ke gasawa ta waje.

Faifan 3D, masu tudu da kwari, suna da kyau a hoto. A ƙasar da ake wata uku ana hazo, kowane kwari ma'ajiyar ƙura ne. In ba a shirya bin su da burushi duk mako ba, a haƙura, ko a taƙaita su a bayan talabijin.

Mataki na biyar: wane ɗaki ne, kuma yaya ake zama a cikinsa

Falon da ake zama a kan kafet da tum-tum dabam yake da falon kujeru. Inda ake zama a ƙasa, ana jingina da bango, man gashi da gumi da hannun yara suna barin tabo daga daɓe zuwa kamar mita ɗaya. Wannan sashen a yi masa launi mai ɗan duhu da fentin da ke wankuwa, irin satin, zanen ya fara daga santimita 110 ko 120 zuwa sama. Amma kada a kai shi can ƙurya kusa da silin, tunda daga zaune ake kallonsa.

Ɗakin amarya shi ne inda aka fi yin asara. Ango ya sa a yi zane mai launi biyar, 'yan jere su iso da gado da sif da labule masu nasu launin, sai abu ya rikice, sif ya rufe rabin aikin. Kafin a taɓa bango, a tambayi dangin amarya launin kayan ɗaki da na labule, da faɗin gado da tsayin allon kansa. A gama fenti aƙalla mako guda kafin ranar jere don wari ya fita, kuma kada a goga kaya a jikin ɗanyen aiki. Ga kuma turaren wuta: hayaƙinsa yana rina farin bango ya koma rawaya a hankali, musamman saman inda ake ajiye kasko. A ɗakin da ake turare kullum, ruwan madara ko ruwan zuma sun fi fari tas, fentin da ake gogewa kuma ya fi takarda.

Ɗakin yara a yi abin da za su girma da shi: haruffan boko da na Larabci, lambobi, taswirar Najeriya, wata da taurari. A yi amfani da fentin ruwa kawai. Fentin mai yana da wari mai ƙarfi, kuma wasu nau'o'insa na ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara.

Kicin ba wurin takarda ba ne, tururi da maiƙo za su gama da ita. Mai zaman haya kuwa ya nemi izinin mai gida, ko ya sa a yi zanen a kan falankin filawud ya rataye.

Mataki na shida: launi da gwaji

Ɗauko launukan daga abin da ba za ka sauya ba: tayil, kafet, kujeru, labule. Kamar yadda ake ɗauko launin mayafi daga cikin zanen atamfa, haka za ka ɗauko launin zanen bango daga cikin kafet ko labulen. Masu adon ɗaki suna da ƙa'idar da ke taimakawa: kashi 60 na abin da ido ke gani ya zama launi guda mai sanyi, kashi 30 launi na biyu, kashi 10 launi mai ƙarfi. In kujerunka da labulenka sun riga sun cika da furanni, zanen bango ya zama mai sauƙi. In kayan ba su da ado, bango zai iya ɗaukar nauyi.

Kada ka yarda da launin da ka gani a waya ko a murfin bokiti. Sayi kaɗan, ka shafa murabba'in rabin mita a kan bangon, shafi biyu, ka bar shi ya bushe, ka dube shi safe da yamma da dare. Launi a babban bango yakan fi yadda yake a ɗan kati ƙarfi, don haka in kana shakka tsakanin biyu, ɗauki mai hasken. Siffar zanen ma a gwada ta: yanka tsofaffin jaridu ko kwali daidai girman da kake so, ka manna, ka koma bakin ƙofa ka duba.

Mataki na bakwai: lissafin kaya

Mu ɗauki bango mai faɗin ƙafa 12, wato mita 3.66, da tsayin mita 3. Murabba'in mita 11 ke nan.

Fentin ruwa mai kyau, lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafi guda kan bango mai sumul. Shafi biyu zai ci lita biyu da ɗan kai, don haka galan ɗaya mai lita 4 ya isa launin shimfiɗa, wato wanda ake fara shafe bangon duka da shi, har da ragowar gyara. Sauran launukan zanen, lita ɗaya-ɗaya ta wadatar. Ja da rawaya sukan bukaci shafi uku.

Takardar bango ƙarama faɗinta santimita 53, tsawonta mita 10. Bangon zai ci tsiri 7, kowanne mita 3.1 har da rarar yanka. Nadi ɗaya yana ba da tsiri uku, don haka nadi uku ake bukata, a ƙara na huɗu in zanen manya ne da sai an haɗa bakinsu. Babbar, mai faɗin mita 1.06 da tsawon mita 15.6, nadi ɗaya ya isa wannan bangon. Duba lambar rukunin da ke jikin kowane nadi ta zama iri ɗaya, in ba haka ba launin zai ɗan bambanta, kuma sai an manna ake ganewa. Faifan 3D masu santimita 50 kowane gefe, guda 48 za su rufe shi.

In hoto za a buga, girmansa ne abin dubawa. Bango mai faɗin mita uku da rabi yana son hoton da faɗinsa ya kai ɗigo (pixel) 10,000 ko kusa da haka. Wanda aka ɗauko daga Facebook ko aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, in aka buɗa shi sai ya farfashe. A tura shi a matsayin fayil, a ce wa mai bugawa ya fara buga ɗan yanki a ainihin girmansa a gani, kuma a bar rarar santimita 5 a kowane gefe.

Mataki na takwas: sauke zanen a kan bango

Lokaci mafi daɗin aiki shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bango ya fara bushewa, hazo bai yi ƙarfi ba. A tsakiyar hunturu fenti yana bushewa tun rola ba ta gama zagayowa ba, sai sawunta ya fito, ƙura kuma ta manne. In dole ne, a rufe tagogin da iska ke shigowa, a yayyafa ruwa a daɓe, a gama kowane sashe ba tare da tsayawa a tsakiya ba. Da damina a ƙara tazara tsakanin shafi da shafi.

A fara da launin shimfiɗa, shafi biyu, tazarar awa uku zuwa huɗu. A bar shi kwana biyu kafin a manna tef, in ba haka ba tef ɗin zai ɗago fentin.

Don kai zane daga takarda zuwa bango, hanyar gidaje ta fi tabbas. A kan takardar A4 ja gidaje 12 a kwance, 10 a tsaye, kowanne santimita 2. A bango ja irinsu, kowanne santimita 30, da lebur da igiyar da aka shafa wa alli. Sai a kwafi abin da ke cikin kowane gida zuwa takwaransa. Wanda ya samu aron majigi zai iya haska hoton da dare ya bi layin. Da alli ko fensir mai haske ake zanawa. Biro da alƙalamin maka suna ɓullowa ta cikin fenti ko shafi nawa aka yi. Zanen da ke maimaituwa, kamar ɗamarar dagi, a yanka shi a kan leda mai tauri ko kwali, a riƙa dangwala fenti da soso marar jiƙa sosai, a fara daga tsakiyar bango zuwa gefuna don ƙarshen biyu su yi daidai.

Sirrin layi mai kaifi: bayan an manna tef an danne shi da yatsa, a fara shafa launin shimfiɗa a bakinsa. Shi zai toshe duk wata kafa. In ya bushe sai a sa sabon launin, a cire tef ɗin a hankali a karkace tun fentin bai gama bushewa ba. A fara da launuka masu haske da manyan wurare, masu duhu da siraran layuka su zo ƙarshe.

In mai fenti za ka ɗauka

Je ka ga aikin da ya yi wanda ya shekara, da idonka, kada ka tsaya ga hoton waya. Ku yi magana dalla-dalla kafin a buɗe bokiti: "Malam, gyaran bango yana cikin kuɗin nan? Shafi nawa za ka yi? Wane fenti, kuma wa zai saya?" Ya zana maka samfurin a takarda da launukansa, ku sa hannu ku biyu. Ka sa ido kan ruwan da ake ƙarawa, kada ya wuce abin da kamfanin ya rubuta a jikin bokitin, domin yawan ruwa ne ke sa fenti ya zama gari bayan shekara. Biya kashi-kashi, na ƙarshe bayan ka duba aikin da rana da kuma dare.

Ragowar kowane launi a zuba a ƙaramar roba mai murfi, a rubuta sunansa da ɗakin da aka shafa, a ajiye inda rana ba ta kaiwa. Launin da aka haɗa da hannu ba ya sake haɗuwa daidai, wannan ragowar ce kaɗai za ta gyara ƙarzuwa. Kada a wanke sabon fenti sai ya yi mako uku zuwa huɗu. Bayan haka, lokacin hazo a riƙa kakkaɓe shi da busasshen tsumma mai laushi daga sama zuwa ƙasa kafin a kawo ruwa kusa, don jiƙaƙƙen tsumma a kan ƙura laka yake yi ya bar sawu. Tabon hannu kuma a goge shi da soso da ruwan sabulu kaɗan, ba tare da dirzawa ba.